Sunan Dauda a Takardar Addu'ata

Abba, kada ka ɗora wayarka a kan takardar nan don ta juya maka ita zuwa Larabci. Na san abin da za ka fara yi ke nan, kuma ban yarda ba. Ni na koya maka karatun Hausa a ƙasan kicin, kana kuka ina nuna maka baƙaƙe da mariƙin ludayi, saboda haka da bakinka za ka karanta ta, ko za ta ɗauke ka kwana biyu. Kalmar da ta gagare ka, ka kira yayarka Maryam ta gaya maka. Kada kuma ka karanta a tsaye. Ka yi alwala, ka nemi wuri ka zauna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ka isa Jubail lafiya, ya sa ka sami masauki mai kyau da maƙwabta na kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin injinan da za ka yi aiki a tsakiyarsu, da sharrin bakinka.

Yau Alhamis da hantsi nake rubutu, kana can kana sallama da mutanen unguwa. Gobe za ka tafi. Kwana goma ke nan ban yi maka magana ba, ban da amsa sallama. Ka san dalili, amma ba ka san duka ba. Ni kuma in na buɗe baki faɗa nake yi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san takardata. Duk Bahaushen da ke zaune a Makka yana da wannan nauyi a kansa: 'yan'uwa daga Kano, daga Damagaram, daga Sudan, kowa ya kira sai ya ce a sa shi a addu'a a gaban Ka'aba. Wasu su amsa da to, su ajiye waya su manta. Ni rubutawa nake yi. Kowace Juma'a bayan asuba ina hawa mota daga Utaibiyya zuwa Harami, in zauna a bene inda nake hango Ɗakin, in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ke damunsa. Shekara goma sha tara ina yi. Sunanka ne na uku, bayan na mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da na Maryam.

Wata biyu da suka wuce ka same ni ina gyaran shinkafa, ka tsuguna, ka ce, "Ummi, ki ƙara mini suna ɗaya."

Na ce, "Wa?"

Ka ce, "Dauda."

"Ɗan gidan wa?"

"Ba ki san shi ba, a waje yake. An yi masa aiki a gwiwa."

"Abokinka ne?"

Ka sosa ƙeya, ka ce, "Kusan haka."

Na ji daɗi a raina. Na ce yaron nan ya fara tuna mutane. Na rubuta: Dauda, abokin Abba, gwiwa. Ya faɗo tsakanin idon Hajiya Lami da jarrabawar jikan Malam Sani. Juma'a bakwai ina kiran sunansa. Har na ce ka kawo jarka in cika masa zamzam a aika masa, ka yi dariya ka ce jirgi ba zai ɗauka ba.

Sai ranar Litinin ta makon jiya. Zan maimaita maka ita yadda na gan ta, don kai ba ka ga kanka ba.

Kun taru bayan la'asar, kai da abokanka Faisal da Muntasir, don kallon ƙwallon nan taku ta Amurka, wadda ƙartin maza ke sa hular kwano suna karo da juna a kan ƙwallo mai kama da gwanda. An riga an buga wasan a can tun kuna barci. Ku ne kuka tara wayoyinku a kwandon burodina tun safe, don kada wani ya ga yadda aka tashi. Na soya muku sambusa, na ɗora shayi. Ina kicin ina jin ihunku yana hawa yana sauka kusan awa uku. Gab da magariba sai falon ya yi tsit. Na ɗauko tire na zo bakin ƙofa. A talabijin na ga wani siririn mutum ya ja da baya, ya taho da gudu, ya buga ƙwallo, ta tashi sama ta bi ta gefen dogon ƙarfen da ya kamata ta shiga.

Faisal ya faɗi a kan kafet yana cewa, "Halas, shi ke nan! Bana ta mutu! A kori kocin yau, yau ɗin nan!"

Muntasir, da yake shi wata ƙungiya yake bi, ya ce, "Ya jama'a, a ina za a zauna karɓar gaisuwa? In kawo dabino da gahawa?"

Faisal ya jefe shi da matashi. Har nan ban ga laifi ba, har na kusa yin murmushi.

Sai kai ka miƙe. Ka tuɓe rigar ƙungiyar daga jikinka ka yi jifa da ita. Ka nuna talabijin da yatsa, ka ce, "Allah ya karya gwiwar nan, ya Dauda! Allah ya sa kada ka sake taka ƙasa da ita!" Kai da Hausa ke yi wa nauyi a baki, ranar ba ka yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba. A daidai lokacin ladanin masallacin unguwa ya fara kiran salla.

Na ce, "Wane Dauda?"

Muntasir ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Abba, da kai nake. Daudan takardata?"

Ka ce, "Ya Ummi, wasa ne kawai."

Na ajiye tiren a ƙasa na koma ɗaki.

Washegari Maryam ta zo da yaranta, na sa ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce mutumin nan aikinsa ɗaya ne a ƙungiyar, ya buga ƙwallo da ƙafa idan an kira shi. Ta ce an fi ku da maki biyu, bugunsa kuma uku ne, shi ya sa duk laifin ya koma kansa. Na tambaye ta ko wannan ne wasan ƙarshe. Ta ce a'a, wasa goma sha bakwai ne a shekara, wannan shi ne na biyu. Na ce ta sake faɗa. Ta ce na biyu.

Ta nuna mini yadda sauran masu goyon bayan ƙungiyar suka yi a can ƙasarsu. Na ga wani tsoho mai furfura ya ƙona riga a bayan gidansa, jikokinsa suna kallo. Na ga wani ya fasa talabijin da kujera. Wani ya kira gidan rediyo yana kuka da majina, wai shekara talatin yana bin su, yau ya fita. Na ce wa Maryam waɗannan ba 'ya'yana ba ne, Allah ya shirye su. Ta yi ta juya wayar a hannunta, sannan ta ce, "Umma, akwai wani abu."

Hoton Dauda ne a shafinsa, yana riƙe da jaririyarsa. A ƙarƙashi mutane sun yi ta zuba zagi. A cikinsu akwai kai. Maganar da ka faɗa a falona ita ka mayar da Turanci ka rubuta masa. Na yi sakandare, Abba, ba sai an fassara mini ba. Kusa da maganar ga ɗan hoton da kake amfani da shi, hoton Ka'aba, ga kuma sunan garinmu a rubuce. Wani ya ba ka amsa a ƙasa, yana tambaya ko abin da ake koya muku a Makka ke nan.

Yanzu ka saurari kurakuraina. Ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba, don ina ganin uwa ba ta tona kanta a gaban 'ya'yanta. Wannan ma kuskure ne.

Na farko, ban taɓa tambayarka ba. Lokacin da Faisal ya dawo daga karatu a Amurka ya kawo muku wannan ƙwallon, mahaifinka bai daɗe da rasuwa ba, ni kuma tsorona titi ne. Ina ganin samarin unguwa a bakin shago har a tashi kasuwa, ina ganin waɗanda mota ta kwasa. Da na ga kana zaune a gida gaban talabijin, sai na ce alhamdulillahi, na juya baya. Shekara huɗu ina soya muku sambusa, ban taɓa zama minti biyar na ce, mene ne wannan, me kake so a cikinsa, me yake sa ka yi ba. Na ɗauka tunda jikinka yana gida, zuciyarka ma tana gida. Da na zauna, da tuni na san wane ne Dauda, da ba sai ka yi mini "kusan haka" ba. Ƙaryar taka ce, amma ni na bar mata wuri.

Saboda haka, a inda za ka, kada ka ce abu lafiya yake don kawai bai yi ƙara ba. Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi, in ya yi shiru kwana biyu, ka tambaye shi. Kanka ma ka riƙa tambayarsa. Abin da zai sa namiji mai shekara ashirin da huɗu ya tuɓe riga a gaban uwarsa ana kiran salla, ba ƙaramin wuri ya ci a zuciyarsa ba. Ka san girman wurin.

Na biyu shi ne mai nauyi. Ka tuna ƙanwata Binta, wadda kuke kira Anti Binta, wadda ta rasu a Kano kana aji uku na sakandare. Ka san ta a hoto da waya kawai. Ka san hannunta na dama ya shanye kafin ta rasu. Ba ka san ta taɓa zama a gidan nan ba.

Kana da shekara biyu lokacin. A shekarun nan ina dafa wa alhazan Najeriya abinci a lokacin aikin Hajji, waɗanda aka sauka a wani dogon gini a Jarwal. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, kunu da safe. Sun gaji da burodi da kaza, in suka ga tuwo har addu'a suke yi mini. A wannan shekarar aikin ya yi mini yawa, sai mahaifinka ya yi wa Binta hanya ta zo ta taya ni. Yarinya ce, ba ta taɓa fita daga Kano ba. Rana ta biyu da fara aikin, lif ɗin ginin ya cika da alhazai da kayansu, muka bi matakala. Ni ina gaba da kular tuwo, ita tana baya da tukunyar miya, an sauke ta daga wuta ke nan. A hawa na uku ta zame. Miyar mutum arba'in ta bi matakala har ƙasa.

Alhazai sun fito daga ɗakuna da kwanukansu a hannu. Kunya ta rufe ni. A gaban duk mutanen nan na juya na ce mata, "Allah ya shanye hannun nan da ba ya iya riƙe komai." Na ce da na sani da ban sa an ɗauko ta ba, na ce bana ta kashe mini aiki. Wata tsohuwa daga Sakkwato ta ce, "Haba 'yar nan, a Makka kike fa." Na yi kamar ban ji ba. Binta ta nemo tsumma ta goge matakalar hawa uku, ita kaɗai.

Aikin bai mutu ba. Mun ƙara kwana talatin da wani abu muna dafawa, ko cokali Binta ba ta sake yarwa ba. Alhazan da suka kwana da yunwa ranar nan su ne suka riƙa aiko mana da wasu. Da aka gama ta koma gida. Shekara ta zagayo na aika ta zo, ta ce tana da uzuri. Ba ta sake zuwa ba.

Bayan shekara uku, ta haifi ɗanta na farko, jininta ya hau, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo daga baya. Hannun bai dawo ba. Ta kira ni, bakinta a karkace, ina jin maganar da ƙyar, ta ce, "Yaya, ki sa ni a addu'a a Harami." Ranar na yage takarda daga littafin makarantar Maryam na rubuta sunanta. Takardar nan da kake gani, da sunan Binta ta fara. Na sake kwafe ta ya fi sau ashirin, na sa naku a sama, amma asalinta ke nan.

Na je wurin malamai biyu. Dukansu sun ce cuta daga Allah take, ba bakina ne ya shanye hannunta ba, in yi istigfari in nemi yafiyarta. Na yarda da su. Amma ka sani, yarda da maganar malam daban, barci daban. Istigfarin na yi. Neman yafiyar na yi ta ɗagawa shekara bayan shekara, ina aika mata zamzam da dabino da atamfa, ina ganin kamar sun isa su yi magana a madadina. Sai da aka ce jikinta ya yi tsanani sannan na kira. Na ce, "Binta, maganar da na faɗa miki a matakalar Jarwal, ki yafe mini."

Ta ce, "Yaya, na yafe tuntuni. Ni ba maganar ce ta fi yi mini ciwo ba. Miyar a ƙafata ta zube, ba ki duba ba."

Abba, ban sani ba. Wata guda tana aiki a gefena da ƙuna a ƙafa, tana sa safa a zafin Makka, ni ina ce mata baƙauya.

Na sa Maryam ta mayar mini da bugun Dauda baya, na kalla sau uku. Kai ƙwallon ka bi da ido. Ni mutumin na kalla. Bayan ya buga, ya sauko a kan ƙafar da aka yi wa aiki, ya ɗan durƙusa, ya dafa gwiwar da hannu, sannan ya miƙe ya fita yana ɗingishi kaɗan. Ka koma ka duba, yana nan. Kai ka fi kowa sanin ciwon nan, tunda kai ka kawo mini shi. Ba ka duba ba.

Ga nasihata. Idan mutum ya ɓata maka abu, kafin ka buɗe baki, ka kalli ƙafarsa. Kuma kada ka yanke wa shekara hukunci a rana ta biyu. Ranar Lahadi za ka fara aiki a masana'antar da ba ka taɓa shiga ba. Wallahi za ka yi kuskure kafin wata ya cika. Za ka murɗa abin da ba a ce ka murɗa ba, ko ka rubuta lamba a inda ba wurinta ba, mutane suna tsaye suna kallonka. Ranar za ka so a sami wanda zai ce, sabo ne, ku bar shi, saura da yawa. In kana son a yi maka haka, ka fara yi wa wani. Idan kuma ka zalunci mutum da baki, da baki za ka biya. Kyauta ba ta neman gafara. Ni na gwada, shekara goma sha ɗaya.

Ka tuna ranar Laraba ka tsaya a ƙofar ɗakina, ka ce, "Ummi, mutumin nan fa bai san ni ba. Mutum dubu nawa suka zage shi, nawa ne zai gani? Kuma ba Musulmi ba ne." Ban amsa maka ba a lokacin. Ga amsar. Shi bai san ka ba, amma wanda ka kira sunansa a cikin maganar ya san ka. Ba cewa ka yi Dauda bai iya ba, wannan ra'ayi ne, kowa yana da nasa. Cewa ka yi Allah ya karya. Roƙo ka yi, a garin da mutane ke sayar da gonakinsu don su zo su yi roƙo sau ɗaya a rayuwarsu, a lokacin da ake kiran salla. Da ka so lafiyarsa ba ka tuna addininsa ba, sai da ya ɓarar da ƙwallo. Ka aiko uwarka ta roƙa masa gwiwa Juma'a bakwai, ba don kana tausayinsa ba, don kana son ya ci maka wasa. Wannan ya fi zagin ƙona mini rai. Ka mayar da addu'ata kayan wasa.

Kuma abin da ya ba ni mamaki, duk ihun nan a kan abin da ya riga ya wuce kuka yi shi. Lokacin da kake tsalle kana cewa ya Rabbi ta shiga, ƙwallon ta yi awa goma sha wani abu da faɗuwa, Dauda ya yi wanka ya koma gida wurin 'yarsa. Kun ɓoye wayoyi a kwandon burodi don ku yi kamar ba a rubuta ba. An rubuta. Yawancin abin da zai ɓata maka rai a duniya haka yake, kafin labarin ya iso gare ka an gama. Abin da ya rage a hannunka shi ne me za ka ce.

Kuskurena na uku sabo ne, bai kai mako ba. Juma'ar da ta wuce na je Harami kamar kullum. Na buɗe takarda. Na yi wa mahaifinka, na yi wa Maryam. Da na zo kan sunanka, na ɗora babban yatsana a kai na tsallake. Na ce yaron da ya yi wasa da takardar nan ba zai ci amfaninta ba. Da na dawo gida na ɗauki biro na ja layi a kansa. Ka gani, na san ka gani, don na bar ta a buɗe a kan firij da gangan. Na ga ka tsaya a gabanta da kofi a hannu, ka daɗe, ka ajiye kofin ba ka sha ruwan ba. Tun ranar ba ka ci abincin kirki ba, abokanka ma ba su zo ranar Litinin ba. Maryam ta ce ƙungiyar taku ta sake yin wasa. Ban tambayi yadda aka tashi ba.

Jiya ina haɗa maka kaya na tsinci rigar nan a kwandon shara na bayan ƙofa, inda ka cusa ta. Na tsaya da ita a hannu ina cewa, ji yaron nan, shekara huɗu yana son abu, rana ɗaya ya jefar. Sai na ji maganar ta dawo kaina. Shekara ashirin da huɗu ina kiran sunanka, ka yi kuskure ɗaya babba, na ja layi. Kana shirin barin gida karon farko a rayuwarka, zuwa wancan gefen ƙasar, na bar ka kana tunanin za ka tafi ba addu'ar uwarka. Matar da ta tsaya a matakalar Jarwal ba ta mutu ba, Abba, tsufa kawai ta yi. In kana neman inda ka gaji bakinka, kada ka je nesa.

Ka yafe mini wannan. Ban aiko da dabino a madadin maganar ba, ga ta na rubuta da hannuna.

Yau ba Juma'a ba ce, amma bayan asuba na tafi Harami. Na kwafe takardar sabuwa. Sunanka ya koma wurinsa na uku, na kuma biya maka ta makon da na tsallake. Ban jira ka gyara komai ba kafin in mayar, domin addu'ar uwa ba lada ba ce da ake ba wanda ya ci wasa. Dauda ma yana nan inda yake, tsakanin idon Hajiya Lami da jikan Malam Sani. Na goge "abokin Abba" tunda ba gaskiya ba ne. Na bar gwiwa, na ƙara masa shiriya, na ƙara jaririyar.

Amma akwai abin da ke kanka. Maryam ta duba jiya, maganarka tana nan a ƙarƙashin hoton. Kafin ka kwanta a ɗakinka na Jubail, ka goge ta. Sannan ka rubuta masa wata, da sunanka da hoton Ka'abar nan dai, ka ce ka yi kuskure, ka ce mahaifiyarka tana yi wa gwiwarsa addu'a a Makka. Ko ya gani ko bai gani ba, ba ruwanka. Wanda ya tambaya ko abin da ake koya muku ke nan, shi ma ya sami amsa. In ka gama ka kira ni. Zan ɗauka, kuma zan yi magana.

Ban hana ka kallon ƙwallonka ba. Rigar na wanke ta na goge, tana ƙarƙashin takardar nan. Ka sa ta ranar da suka ci, ka sa ta ranar da aka ci su. In ba za ka iya na biyun ba, ka ba wani. Idan aka kira salla ka tsayar da wasan, tunda na ga ana iya tsayar da shi. Kada ka hau mota da fushi. Ka riƙa cin abinci mai ruwa, na sa maka kuka da daddawa a cikin gwangwanin madara, kada ka ji kunyar dafawa a gaban Larabawa. Ka gaida duk wanda ya girme ka a wurin aiki, ko mai shara ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ƙafafunka da hannuwanka, ya haɗa ka da masu haƙuri ranar da za ka yi kuskure. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya jiƙan Binta. Na yafe maka duniya da lahira.

Mahaifiyarka,
Rabi

Na gaya wa Maryam da yaranta, zan gaya wa Faisal da Muntasir in sun zo gaishe ni, kai ma ka riƙe, domin ko kana Jubail ɗan gidan nan ne. Daga yau, duk wanda zai kawo mini suna, zai gaya mini gaskiyar ko wane ne. Sunan da ya shiga takardar nan kuma ba a zaginsa, ba a yi masa mugun baki, kuma ba mai jan layi a kansa, har ni.